Zafin bayan tiyatar basir: allurar jijiya, tiramadol, da abin da majinyacin Daura zai tambayi likitansa

A watan Fabrairun 2025 sashen bincike na BBC ya fallasa wani kamfanin magunguna na birnin Mumbai a Indiya mai suna Aveo, wanda ke haɗa tafentadol da karisofurodol a ƙwaya ɗaya yana turowa Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Indiya ta haramta wannan haɗi. Idan kana biye da labarai za ka tuna cewa irin haka ta faru a 2018: BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin ke cinye matasa, Kano na cikin wuraren da aka nuna, kuma a farkon watan Mayu na shekarar Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi. Binciken ƙasa kan shan ƙwaya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan dangin ofiyom ne suka sha ba da umarnin likita ba, galibi tiramadol.

Kowa a ƙasar Daura ya san wannan ba labarin nesa ba ne. Masarautar tana kan iyaka, hanyar Kwangwalam ta wuce zuwa Damagaram, kasuwar Mai'adua na tara mutanen ƙasashe biyu, kuma abin da ya shigo ta kudu yakan bi ta nan ya haura. To amma akwai wani mutum da wannan hayaniya ta shafa wanda ba a cika maganarsa ba, wato wanda likita ya ce masa basirinsa ya kai a yi aiki. Yana tsoron zafin da ya ji ana faɗa, iyalinsa kuma na tsoron a ɗora shi kan ƙwayar da suka ga ta lalata 'ya'yan maƙwabta. Idan kai ne, ko ke ce, ko kuwa kai ne za ka yi jinya, wannan bayani naka ne.

Me ya sa aikin dubura ke da zafi haka

A cikin dubura, kamar santimita biyu daga baki, akwai wani layi da ya raba wurin gida biyu. Sama da layin, fatar ciki irin ta hanji ce, ba ta jin yanka ko suka. Ƙasa da layin kuwa fata ce mai tarin jijiyoyin ji, kamar ta leɓe ko yatsa. Wannan ne dalilin da ya sa ake iya ɗaure basir ƙarami da zoben roba a ɗakin duba marasa lafiya mutum ya tashi ya tafi gida, domin ana ɗaurin ne a saman layin. Basirin da ya girma yake fitowa waje sai an tura shi da hannu, ko wanda ma ba ya komawa, shi ne ake yankewa, kuma yankan dole ya ratsa fatar nan mai ji. Hanyar da aka fi bi a asibitocinmu ita ce wadda likitoci biyu, Milligan da Morgan, suka bayyana a 1937 a asibitin St Mark's da ke Landan: a cire tsiron, a bar ciwon a buɗe ya warke da kansa.

Abu na biyu shi ne zoben tsokar da ke riƙe bakin dubura. Da an ji masa ciwo sai ya ɗaure tamau, kuma ɗaurewar nan kanta ciwo ce, tana kuma rage jinin da ke zuwa wurin. Na uku, wurin ba ya samun hutu. Wanda aka yi wa aiki a hannu zai iya rataye hannun ya bar shi, amma wanda aka yi wa a dubura dole bayan gida ya bi ta kan ciwon, yau ko gobe.

A nan ne matsalar dangin ofiyom take, tun kafin a zo maganar jaraba. Tiramadol, kodin, mofin, da allurar fentazosin da ake kira fenta, dukkansu suna rage motsin hanji, su busar da bayan gida. Ka sha don zafi, cikinka ya ɗaure, kwana uku babu bayan gida, ranar da ya zo kuma ya zo da tauri ya yage ciwon. Zafi ya ƙaru, ka ƙara ƙwaya, ciki ya ƙara ɗaurewa. Suna kuma kawo tashin zuciya da amai da jiri, suna ƙara wahalar fitsari, wanda dama abu ne da ke yawan faruwa bayan aikin dubura. Ko da babu wani ɗan ƙwaya ko ɗaya a Najeriya, likitan tiyata mai hankali zai so rage su bayan irin wannan aiki.

Allurar jijiya: mece ce

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa: hanyar jini jijiya ce, igiyar tsoka jijiya ce, wani lokaci ma ana sakaya gaban namiji da ita. Shi ya sa idan aka ce wa magidanci za a yi masa allurar kashe jijiya sai ka ga ya gyara zama. Wadda ake nufi a nan ita ce jijiyar ji, mai kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ba kashe ta ake yi ba. Ana zuba magani ne a gefenta, ta daina kai saƙo na wasu awoyi, maganin ya baje, ta koma aikinta.

Jijiyar da ke kula da dubura da kewayenta likitoci na kiranta fudendal. Guda biyu ce, dama da hagu. Tana fitowa daga ƙasan ƙashin baya, ta zagayo ta gefen wani ɗan tsinin ƙashi a cikin ƙugu, ta bi ta gefen ciki na ƙashin da kake zama a kansa, sannan ta rabu uku: reshe ɗaya zuwa dubura da tsokarta ta waje, ɗaya zuwa tsakanin gaba da dubura, ɗaya zuwa al'aura. Likita yakan shigar da allura ta fatar ɗuwawu a kowane gefe, ya kai ta kusa da jijiyar, ya zuba maganin. Wasu na lalubo wurin da yatsa ta hanyar jin ƙashin, wasu na amfani da wata 'yar na'ura mai aika ƙaramar wutar lantarki ta cikin allurar har a ga tsokar dubura ta motsa, wasu kuma na dubawa da na'urar sikanin. Hanyar na'urar lantarkin ta yi suna ne ta ayyukan Dakta Zoher Naja da abokan aikinsa a birnin Beirut, waɗanda suka buga sakamakonsu a 2005 da 2006.

Akwai kuma wata hanya mafi sauƙi da ake zagaye bakin duburar da allura a zuba magani a ramin kitsen da ke gefenta, inda rassan jijiyar ke wucewa. Da ita kaɗai ana iya yin aikin gaba ɗaya, mutum idonsa biyu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife sun taɓa buga rahoton yanke basir ta wannan hanya, don haka ba abin ƙasashen waje ba ne kawai.

Kada ka haɗa wannan da allurar baya, irin wadda ake yi wa mata lokacin tiyatar haihuwa. Ita ma tana da wata ƙarama da ake yi don aikin dubura, a bar mutum a zaune na 'yan mintuna maganin ya sauka ƙasa, sai wurin zama kawai ya mutu. Tana da kyau don yin aikin, amma takan sake cikin 'yan awoyi, kuma tana iya riƙe fitsari ko ta kawo ciwon kai. Abin da ake ƙarfafawa yanzu shi ne, ko da allurar baya aka yi ko ta barci, kafin a fito da kai daga ɗakin tiyata a ƙara maka allurar jijiyar fudendal alhali wurin bai farfaɗo ba. Ba za ka ji sukan ba, amfaninta kuma zai bi ka har gado.

Magungunan da ake zubawa ba baƙi ba ne. Lidoken shi ne wanda ake yi maka idan za a ɗinke rauni ko a cire haƙori; yana kamawa da sauri, yana sakewa da sauri. Bufibaken yana jinkirin kamawa amma yana daɗewa, kuma shi aka fi so a nan. Dukansu suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗan abin lura ga mai jinya: bufibaken iri biyu ne, akwai mai nauyi da ake yin allurar baya da shi, akwai wanda ba a haɗa da sukari ba, na allurar jijiya. Idan aka ba ka takarda ka sayo, kada ka yarda mai kemis ya musanya maka ɗaya da ɗaya.

Abin da bincike ya nuna, da inda ya tsaya

Akwai wani kwamitin likitocin tiyata da na sa barci a Turai mai suna PROSPECT, da ke tattara binciken da aka yi kan kowane irin aiki ya fitar da shawarar yadda za a kashe zafinsa. Ya duba aikin basir a 2010, ya sabunta a 2017, ya sake sabuntawa a 2023. A shawarar ta ƙarshe allurar fudendal ta gefe biyu tana cikin abubuwan da aka ce a yi. Tare da ita akwai farasitamol haɗe da maganin rage kumburi irin su ibufurofen, allurar dekzametason sau ɗaya lokacin aiki, maganin laushin bayan gida, da man shafawa na musamman. Dangin ofiyom an ajiye su a matsayin na ko-ta-kwana, idan sauran sun gaza. Binciken da aka tattara ya nuna waɗanda aka yi wa allurar sun fi samun sauƙi a yinin farko, sun fi ƙarancin neman ƙarin magani mai ƙarfi, kuma sun fi saurin komawa gida.

Amma ka riƙe wannan, domin shi ne abin da masu yabon allurar ba su cika faɗa ba. Amfaninta na awoyi ne. Ga wani rabin yini, ga wani ta kai shi washegari. Bayan gida na farko kuwa yakan zo a rana ta biyu ko ta uku, lokacin da allurar ta daɗe da sakewa. Zafin aikin basir yakan yi mako ɗaya zuwa biyu yana damun mutum, ciwon kuma kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kafin ya rufe. Allurar tana sayo maka dare na farko, wanda shi ne mafi muni, kuma shi ne daren da aka saba yi wa mutum fenta a kai a kai. Sauran kwanakin aikin ƙwayoyi ne marasa sa maye da kuma cikinka.

A Amurka an yi ƙoƙarin tsawaita wannan lokaci. A 2011 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da Exparel, wato bufibaken da aka naɗe cikin ƙananan ƙwayoyin kitse don ya riƙa fita a hankali, kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka dogara da su a kan masu aikin basir aka yi shi. Yana da tsada ƙwarai, sannan nazarin da aka yi daga baya, musamman wanda ya fito a 2021, bai nuna ya fi bufibaken na yau da kullum da wani abin a-zo-a-gani ba a allurar jijiya. Saboda haka idan ka karanta labarinsa a intanet kada ka ji an cuce ka don babu shi a Daura. A Janairun 2025 kuma Amurkan ta amince da wata sabuwar ƙwaya mai suna Journavx, wadda ba dangin ofiyom ba ce. Ita ma a yanzu labari ce a gare mu.

Matsalarmu ba irin ta Amurka ba ce

Wannan yunƙuri na rage ofiyom bayan tiyata daga Amurka ya taso, inda annobar ta faro daga takardar likita: an riƙa rubuta wa mutane ƙwayoyi masu ƙarfi da yawa, suka kamu, ragowar kuma ta faɗa hannun 'yan gida. A nan lamarin ya sha bamban. Tiramadol ɗin da ke yawo a tasha da majalisar matasa, mai miligiram 225 da makamantansa, ba daga asibiti ya fito ba, fasa-ƙwauri ne. Hukumar NAFDAC miligiram 50 da 100 kawai ta amince da su. Asibitocinmu kuwa ƙarancin maganin zafi mai ƙarfi suke fama da shi. Kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa a duniya, kuma Najeriya na cikin na can ƙasa. Mai ciwon daji da mai sikila da wanda ya ƙone su suka san zafin wannan rashi.

To me ya haɗa majinyacin basir da ƙwayar tasha? Hanyar a bayyane take. An sallame shi da farasitamol kaɗai, ba a gaya masa abin da zai tarar ba. Ya koma Baure ko Zango ko wani ƙauye a Sandamu, dare ya yi, zafi ya taso, asibiti ya yi nisa, ga kunyar ciwon da ba a son faɗa. Sai a aiki yaro kemis ko wajen mai tebur. Abin da za a kawo ba wanda ya san ƙarfinsa, ba wanda ya san abin da aka cakuɗa a ciki. Tiramadol da yawa yana kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, yana kuma danne numfashi idan ya haɗu da maganin barci irin su dayazifam ko giya. A ganinmu, zafin da aka bari ba a kula da shi ba ya fi takardar likita tura mutanenmu ga ƙwaya. Don haka likitan da ya hana ka tiramadol bai ba ka komai a madadinsa ba, bai taimake ka ba. Wanda kuma ya rubuta maka 'yan ƙwayoyi na kwana biyu ko uku don ko-ta-kwana, ya gaya maka lokacin sha da lokacin dainawa, bai yi laifi ba, kada iyali su ɓoye maganin don tsoro.

Shin za a iya samunta a Daura

Daura ta samu ƙarin cibiyoyin lafiya a shekarun baya. Asibitin Sojojin Sama da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Agustan 2019 yana nan, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina mai nisan kimanin kilomita 80, ga kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ga wanda aka tura can. Gini da kayan aiki sun ƙaru. Abin da ya yi ƙaranci a duk faɗin ƙasar shi ne hannu. Ƙididdigar ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai likitan sa barci ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyar na ganin biyar ne mafi ƙaranci, kuma tun daga lokacin likitoci sai ƙara ficewa suke yi. A yawancin asibitocin gwamnatin jiha a Arewa ma'aikatan jinya da aka horar su ne ke riƙe da wannan aiki.

Wannan rashi, abin mamaki, hujja ce a kan a koyi allurar. Ba ta buƙatar injin sa barci, ba dole sai da sikanin ba, kuma likitan tiyata da kansa zai iya yinta cikin 'yan mintuna da allura da sirinji da maganin da dama yana cikin asibiti. Likitocin mata sun daɗe da sanin wannan jijiya, don tun da daɗewa ake yi mata allura ta cikin farji lokacin haihuwa mai wuya. Abin da ake buƙata horo ne da kuma asibiti ya mai da ita ɗabi'a, ya zama kowane mai aikin basir ana yi masa sai in akwai dalilin hanawa. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da zafi tun 2018, amma takarda ba ta yin allura. Ba kowane likita ya saba da ita ba, kuma wanda bai saba ba gara ya zagaye ciwon da maganin kashe zafi yadda ya iya, wanda shi ma yana da amfani, da ya yi lalube a wurin da bai sani ba.

Kai kuma haƙƙinka ne ka tambaya, tun ranar da aka sa maka ranar aiki. Ka ce: likita, wace irin allura za a yi mini, ta baya ko ta barci ko ta wurin? Za a ƙara mini ta jijiya kafin a fito da ni? Idan ta sake, me zan sha, ƙarfe nawa? Idan zafi ya fi ƙarfina da dare a gida, wa zan kira? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Haɗarinta, da abin da dole ka faɗa

Babu allurar da ba ta da haɗari. Jijiyar fudendal tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hanyar jini, don haka maganin na iya shiga jini idan ba a yi hattara ba. Shi ya sa likita ke ja da sirinji baya kafin ya tura, yake kuma lissafa maganin da nauyin jikinka. Bufibaken ba a so ya wuce kimanin miligiram 2 ga kowane kilo. Idan kana farke ka ji bakinka ya yi nauyi, ko ɗanɗanon ƙarfe a harshe, ko ƙara a kunne, ko jiri, ka faɗa nan take, kada ka yi ta maza. Jini na iya taruwa a wurin sukan. Wani lokaci allurar ba ta kamawa, ko ta kama gefe ɗaya. Rauni mai ɗorewa ga jijiyar abu ne da ba kasafai ake gani ba.

Tun da reshe ɗaya yana zuwa al'aura, gaba zai iya yin nauyi ko ya mutu na wasu awoyi, ga namiji da mace. Yana dawowa. Haka nan riƙe tusa na iya gagara har allurar ta sake. Mun faɗi wannan ne don kada mutum ya farka ya ɗauka an nakasa shi.

Idan maruru ne a gefen dubura mai mugunya, lissafin ya canza. Maganin kashe zafi ba ya kamawa sosai a naman da ya ruɓe, kuma ba a son a bi da allura ta cikinsa. Sauƙin maruru yana zuwa ne da zarar an fasa an fitar da mugunyar. Tsagewar dubura da yoyon dubura kuwa, ayyukansu galibi ba su kai na basir zafi ba.

Ka gaya wa likita idan kana shan maganin tsinka jini, ko aspirin, ko kana da gyambon ciki, ciwon koda, asma, ciwon sukari, farfaɗiya, ko juna biyu. Dekzametason yana ɗaga sukari na ɗan lokaci. Ibufurofen da daikulofenak ba su dace da mai gyambon ciki ko mai ciwon koda ba. Ka faɗi duk wani maganin gargajiya da kake sha ko kake cusawa. Mun san da wuya mai basir ya iso asibiti bai bi ta hannun masu lasifika na ranar kasuwa ba, kuma wasu abubuwan da ake shafawa don tsiron ya faɗi suna ƙona wurin su bar tabo mai ƙuntata ƙofar.

Abu mafi nauyin faɗa shi ne idan kana shan tiramadol dama, don noma ko tuƙi ko aikin ƙarfi ko don iyali. Ka faɗa a asirce. Likita ba jami'in NDLEA ba ne. Jikin da ya saba da ƙwaya ba ya jin adadin da ake ba sauran mutane, kuma idan aka yanke masa ita kwatsam zai shiga zufa da rawar jiki da gudawa da rashin barci a daidai lokacin da ciwo ke ɗanye. Irin wannan majinyaci shi ya fi kowa cin moriyar allurar jijiya, shi kuma ya fi buƙatar a tsara masa yadda zai rage a hankali.

Bayan an dawo gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne na daren farko. Mutum ya ji garau saboda allurar, ya ce ba ya buƙatar ƙwaya, ya kwanta. Tsakar dare ta sake gaba ɗaya, zafin ya zo masa a dunƙule. Ka fara shan farasitamol da maganin kumburin tun wurin yana mace, ka riƙa sha bisa agogo, kada ka jira sai ya yi zafi. Babba mai lafiyayyar hanta yakan sha giram 1 na farasitamol duk bayan awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma ka duba magungunan mura da na ciwon jiki da ke gida, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Maganin kumburi a sha shi bayan abinci, iri ɗaya kawai. Haɗa ibufurofen da daikulofenak ba ya ƙara sauƙi, ciki da koda yake ci.

Laushin bayan gida shi ne rabin jinyar. Ana so a fara maganinsa, irin su laktulos, tun kwana biyu ko uku kafin aiki, a ci gaba bayansa. Kada ka ƙi cin abinci don gudun bayan gida. Jinkirin taurinsa yake ƙarawa. Miyar kuka da kuɓewa, zogale, rama, wake, gwanda, kankana, lemo, duk abokanka ne. Ka rage farar shinkafa da burodi zalla, ka sassauta yaji na ɗan lokaci. Ruwa kuwa ka sha sosai, musamman idan aikin ya faɗo a bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin Daura ke busar da mutum yana zaune. Maganin kumburi a jikin da ba ruwa haɗari ne ga koda. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, ka tattauna da likita kada ya faɗo gab da azumi.

Ka sha maganin zafi kamar rabin awa kafin ka shiga bayi idan ka ji alamar zuwansa, kada ka yi yunƙuri, kada ka daɗe a tsugune. Tsarki da ruwa da muka saba shi ne daidai, ya fi takarda nesa ba kusa ba. Bayan nan ka zauna cikin baho na ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, yana sassauta zoben tsokar. Ɗumi aka ce, wanda gwiwar hannu za ta jure. A ranar farko wurin ba ya ji, ruwan zafi zai ƙona ka ba ka sani ba. Kada a zuba kanwa ko Dettol ko sassaƙe. Idan an ba ka Flagyl ko man shafawa, ka yi amfani da su yadda aka ce; man da ke ɗauke da naitirogilisarin yana kawo ciwon kai, kuma ba a haɗa shi da ƙwayar ƙarfin maza, don hawan jini na iya faɗuwa warwas. Doguwar tafiya a kan babur a bar ta tukuna. Wanda zaman tahiya ya gagare shi ya tambayi malaminsa sauƙin da shari'a ta yi wa mara lafiya.

Idan an ba ka tiramadol na ko-ta-kwana, mai jinya ya riƙe shi, ya ƙirga, ya kulle. Abin da ya rage bayan an warke a mayar wa asibiti, kada a ajiye don wata rana a gidan da akwai samari.

Ka koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba idan awa 8 ta wuce bayan aiki ba ka yi fitsari ba kuma mara ta cika, idan zazzaɓi ya zo, idan zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana uku ko huɗu, ko kwana uku sun wuce babu bayan gida. Ɗan jini a ƙyalle ko lokacin tsarki ba abin tsoro ba ne. Jini mai zuba ko guda-guda kuwa na gaggawa ne, kuma yakan zo ne tsakanin rana ta 7 da ta 14, lokacin da kowa ya saki jiki, don haka wanda gidansa ke nesa da gari ya tanadi abin hawa da lambar direba har waɗannan kwanaki su wuce. Kafin ka bar asibiti kuma ka tambaya ko an tura abin da aka cire ɗakin gwaji, musamman idan ka haura shekara 40, ko kana rama, ko yanayin bayan gidanka ya canza kafin aikin, domin ciwon dajin dubura yakan fara da alamun da kowa ke kira basir.